Masu ceton tsofaffin karnukan golden: na yaba, amma da sauran gyara

Aikin wannan ƙungiya ɗaya ne: ta karɓi karnuka irin golden retriever da suka tsufa aka yi watsi da su, ta yi musu magani, ta nema musu gida. Ba su da wani babban gini. 'Yan sa kai ne ke riƙon karnukan a gidajensu, kuma nan ne ƙarfinsu yake, don wanda ya kwana ya tashi da kare shi ya san halinsa.

Ta hannunsu na samu Zuma, karya mai kimanin shekara 10, fuska duk furfura. Matar da ta riƙe ta ta nuna min hoton ranar da aka kawo ta. Gashin bayan kunnuwa ya dunƙule, farata sun yi tsawo har sun lanƙwashe, ga ƙiba ta danne ƙafafun baya. Kunnuwan ma sun kamu da ciwo. Golden kunnensa a kife yake, iska ba ta shiga sosai, in ba a dubawa sai danshi ya taru ya fara wari. Duk wannan sun gyara kafin in gan ta, har da wanke haƙora da allurar rigakafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi min daɗin baki ba. Matar ta ce, "Malam, irinsu shekara 10 zuwa 12 suka saba yi. Ka yi lissafinka tun yanzu." Ta ɗora hannuna a kan wani kullutu mai laushi a haƙarƙarin Zuma, ta ce likitan dabbobi ya zuƙi abin da ke ciki da allura, kitse ne kawai, amma duk sabon da ya fito a kai ta a duba. Ba tsoratarwa ba ce. Ciwon daji na yawan kama wannan iri, shi ya sa ma gidauniyar Morris ta Amurka ta fara bin lafiyar golden sama da 3,000 tun 2012.

Sun zo duba gida kafin su amince. Na ɗauka shinge za su kalla, ashe daɓe ne damuwarsu. Kare mai amosanin gaɓɓai santsi ne abokin gabarsa, sai da na shimfiɗa kafet daga makwancinta zuwa ƙofa. Yarjejeniyar kuma ta ce in na gaza, gare su zan mayar da ita, ba in miƙa wa wani ba. Wannan sharaɗi ya yi min.

Inda suka gaza shi ne takardu. Fom ɗinsu doguwa ce, amsar saƙo kuma sai an yi ta jira. Wannan na jure, mutane ne masu ayyukansu. Wanda ban jure ba: sun ba ni karya ba tare da takardun asibitinta ba. Da ta fara ɗingishi, likitana ya ƙi rubuta maganin kumburi sai ya san wanda aka ba ta a baya da ranar ƙarshe da ta sha, don haɗa irin waɗannan magunguna biyu na iya yi wa ciki da ƙoda illa. Zuma ce ta sha wahalar jiran.

Ba wanda ya faɗa min yawan gashin da take zubarwa kuma. Tsintsiya ta shaida.

Halinta kuwa yadda suka faɗa haka na tarar. A Skotland aka samar da irin nan a ƙarni na 19 don ɗauko tsuntsayen da mafarauta suka harbo, kuma tsufa bai cire mata wannan ba: ko baƙo ya shigo sai ta ɗauko takalmi a baki, ba ko alamar haƙori a jikinsa.

Zan sake komawa wurinsu. Sai dai a karo na gaba ba zan riƙe igiyar kare ba sai takardun asibiti sun shigo hannuna.