Maganin ya karɓe ni, amma abin da aka yi min ranar Talata ya tsaya min a rai

Shekara 6 ke nan ina karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a wani asibiti a nan Zariya. Daga Tudun Wada nake hawa keke napep in tafi can nesa, da gangan, don kada in haɗu da idon sani.

Tsakani da Allah maganin ya yi min rana. Da farko mai efavirenz aka ba ni, jiri da munanan mafarkai suka hana ni sakat. Da aka mayar da ni kan TLD, ƙwaya ɗaya tak a rana, wadda ta haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir, sai na dawo mutum, har na yi jiki. Gwajin jinina na baya ya nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, likita ya ce muddin ta tsaya haka ba zan sa wa maigidana ba. Kyauta ne, kuma na wata 6 ake ba ni. Ko farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafi hankalinmu ya tashi, ban rasa na kwana ɗaya ba.

To amma Talatar da ta wuce na tarar an canja mai ba da kati. Ta leƙo ta taga, ta ɗaga murya ta kira cikakken sunana, ta ce, "Masu maganin ƙanjamau can ne layinku!" Benci cike, har da masu awon ciki, cikinsu akwai matar ƙanin maƙwabcinmu. Na ja hijabi na rufe fuska, hannuna na rawa har katin ya faɗi. Na matsa na ce, "Sista, don Allah ki rage murya." Ta ce, "Hajiya, aiki ne ya yi min yawa." Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Ni da nake cusa auduga cikin kwalbar magani don kada ta yi ƙara a jaka, surukata ma ba ta sani ba, a minti ɗaya a tona min asiri? Sai na tuno sakamakon gwajin da na yi wata 3 ina sintiri a kansa, da ranar da aka ce fayil ɗina ya ɓata.

Sau biyu matar ƙanin maƙwabcin namu ta gaishe ni tun ranar, duk biyun sai da gabana ya faɗi. Na nemi takardar canjin asibiti. Magani kam ban fasa ba, ƙarfe 9 na dare nake sha.