Shaibar da na sayo a Madina

Bara da na je Umara, a wani shagon kayan ƙamshi a Madina, mai shagon ya miƙo min wata 'yar leda ya ce, "Hajiya, shaiba ce, ba a kabsa sai da ita." Kabsa ita ce shinkafa dafa-duka da nama irin ta Larabawa. Na karɓa don kunya. Da na kwance a masauki sai na ga wasu busassun ɓawo a nannaɗe, samansu ruwan toka, ƙasansu baƙi ƙirin. Na sansana, ba komai sai ɗan warin ƙasa. Na ce shi ke nan, an ci kuɗina.

Wata biyu tana kabad. Ranar da na yi baƙi na soya albasa, na jefa ƙwaya uku cikin man tare da kirfa da kanumfari. Kafin na zuba nama kicin ya ɗauki wani ƙamshi mai nauyi, kamar na ƙasa bayan ruwan farko gauraye da hayaƙin itace. Ashe sai ta sha mai da zafi take magana. A ruwan tafasa kuwa na gwada, ba ta ce uffan ba.

'Yata da ke karatun ilimin halittu ce ta ɗauki guda ta jujjuya ta ce, "Umma, ai wannan ba ganye ba ne." Wai halittu biyu ne a jiki ɗaya, funfuna da gansakuka. Funfunar ce gida, ita ke riƙe danshi, gansakukar kuma tana haɗa musu abinci da hasken rana. Wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya faɗi haka a 1867, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. Ba ta da saiwa, daga iska da raɓa take sha, shi ya sa ba ta son gari mai hayaƙi. Indiyawa na ce mata dagad phool, wato furen dutse, suna sa ta a biryani, irin tasu shinkafar dafa-duka. Larabawa kuma furfura suka gani, suka ce shaiba. Ta ce in duba tabo-tabon da ke jikin duwatsu da tsofaffin bishiyoyi in mun je ƙauye, 'yan'uwanta ne, amma kada in kuskura in kankaro in sa a tukunya, don ba kowacce ake ci ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne datti. Guntayen ɓawon itace da yashi cike da ledar, sai na zauna na tsince kamar mai tsintar shinkafar gida. Kuma ran da na cika hannu, miyar ta yi ɗaci, maigida ya ture kwano.

Yanzu biyu nake sawa a dafa-duka, uku a farfesun rago, in tsame kafin in zuba. Ledar ko rabi ba ta yi ba, amma na riga na ba ƙanwata saƙon wata in za ta tafi da azumi.