DIMSCALE ko annotatif: ga wanda za ka riƙe

Ƙanena mai tambayar wanne ya fi tsakanin DIMSCALE da annotatif a AutoCAD, manhajar zanen gini, don lambobin awo su fito daidai a takarda, riƙe DIMSCALE tukuna. DIMSCALE lamba ce da kake sawa da hannunka ta ninka girman rubutun awo, annotatif kuwa shi yake daidaita girman da kansa. Da shi nake aikina kullum, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Lissafinsa ɗaya ne tak. Ka fara gyara salon awonka da girman da kake so ido ya gani a takarda, rubutu milimita 2.5, kan kibiya ma haka. Sai ka ɗauki lambar ƙasa ta eshel ɗinka, wato sikelin zanen, kamar 50 a 1/50, ka raba ta da yawan milimitar da ke cikin ma'aunin da kake zane da shi, abin da ya fito shi za ka sa a DIMSCALE. Mai zane da milimita, a 1/50 zai sa 50, a 1/100 ya sa 100. Mai santimita, 5 da 10. Mu nan Yamai da yawanmu da mita muke zane, to namu 0.05 ne da 0.1. Nan ne ake tuntuɓe: mutum ya kwafo 100 daga bidiyon wani mai zane da milimita, rubutunsa ya zama mita 250, lamba ɗaya ta rufe gidan da filin duka. Tagar da ke nuna zanen a shafin takarda kuwa, mai mita ya ba ta zoom na 20xp don 1/50, 10xp don 1/100, ya kulle ta kafin hannu ya taɓa linzami.

Akwai wani gida mai ɗaki huɗu da na zana wa wani alhaji a Tawa, na fitar da shi a A3 kan 1/50. Maginin dattijo ne, ba ya yarda da takardar kwamfuta. Ya shimfiɗa ta kan bulo, ya danne gefe da dutse saboda iska, ya zaro mitarsa ya ɗora kan bangon falo da na rubuta wa 4.20. Santimita 8.4 cif. Ya auna ƙofa, ya auna baranda, sannan ya ninke takardar ya sa aljihu ya ce, "Yaro, Allah ya yi ma albarka." Har aka zuba dal bai kira ni kan awo ba.

Annotatif, wanda ya zo da AutoCAD 2008, yana da ranarsa in plan ɗaya zai fita a eshel biyu ko uku. Amma mai zane da mita sai ya gyara jerin eshel ɗin da hannu, kuma awon da ba a saka wa eshel ɗin taga ba yana iya ɓacewa daga takarda ba sallama. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Kada ka haɗa DIMSCALE da DIMLFAC. Na farko girman rubutu da kibiya da tazararsu yake taɓawa, na biyu lambar kanta yake sauyawa. Bar DIMLFAC a 1, sai in da mita ka yi zane kana son awo ya fito da santimita, ka sa 100.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da AutoCAD a kile USB, suna rantsuwa na asali ne. Fasasshe ne, wani ma da cutar kwamfuta a ciki, ranar miƙa aiki zai ƙi buɗewa. In kai ɗalibi ne, Autodesk na ba da lasisin karatu kyauta na shekara guda. Haka wasu masu tiraj, wato masu buga zane a takarda, ka kai zanen babbar takarda A1 su matse shi a ƙaramar takarda su ce duk ɗaya ne, alhali eshel ya riga ya lalace. Tafi da rularka, ka auna bango ɗaya a gabansu kafin ka biya.