Wilin M35 da aka ce an gyara: fentin ya yi kyau, zoben ya ƙi zama

Wili huɗu na saya a wurin wani dillalin kayan tsofaffin motocin soja, kowanne da tayarsa 9.00-20, da tif, da filaf, da zobe, ga jakar notuna a kai. Na M35A2 ne, babbar motar sojan Amurka mai aksul uku da taya goma, wadda kamfanin REO ya fara ƙera kakarta tun wajen 1950. Kuɗin ba sai na faɗa ba, amma ga abin da ake nufi idan aka ce "gyararre": an kwance, an kankare tsatsa, an duba, an mayar. A kan wannan kalmar na biya ƙarin da na biya.

Gaskiya ranar da kayan suka iso na yi niyyar yabo. Wilin na asali ne, inci 20 da faɗin inci 7.5, huji shida, kuma bakin hujin bai zaizaye ya zama kamar ƙwai ba, wanda shi ne ciwon da ya fi kama tsohon wili da ya sha tafiya da sakakken noti. Mun ɗora uku a kan hob, wato wurin da ake ɗaura wili a jikin aksul, mun juya, babu mai rawa. Fentin kore ne shar, kai ka ce jiya suka fito daga ma'ajiya.

Sai na huɗu. Tayoyin sun zo da iska a ciki, geji ya nuna kusan psi 40 (ma'aunin ƙarfin iska), kuma haka yaran mota suka gangaro da su daga bodi suna jefarwa a ƙasa. Da aka kwantar da na huɗun zobe yana sama, sai ga bakin zoben guda ya ɗaga daga mazauninsa. Ba da yawa ba, kaurin tsinken ashana biyu, amma daga wurin tsagar har kusan taƙi guda ana ganin duhu a ƙarƙashinsa, inda ya kamata ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe. Wanda ya san irin wannan wili ya san abin da ake yi a nan: kowa ya bar wurin.

Ga dalili. Wilin M35 gida biyu ne, irin wanda masu tsohuwar 911 suka saba da shi. Akwai gangar wilin, a bakinta na waje an yi wani kwari da ya zagaye ta, sannan akwai zobe mai tsaga wanda yake faɗawa cikin kwarin. Babu noti, babu kusa. Iskar cikin tif ce take turo gefen taya, gefen taya ya danne zobe, zobe ya kama leɓen kwarin. Idan leɓen nan lafiyayye ne kuma zoben nasa ne, ƙarin iska ƙarin kamu. Idan kuwa tsatsa ta ci leɓen, ko zoben na wani wili ne, iskar da ya kamata ta kulle shi ita za ta harba shi. Ku yi lissafin da kanku: filin gefen tayar da iska take turawa ya kusa murabba'in inci 400, a ninka da psi 50 da ake sa wa motar a kan kwalta, ya kusa tan tara. Motar kanta ba kaya wajen tan shida ce. Wato abin da yake bayan zoben nan ya fi nauyin motar, kuma fuskar mai faci takan kasance daidai saitinsa.

Mun sace iskar daga gefe, hannu kawai ya shiga saitin. A cire ƙwayar bawul gaba ɗaya, ba a danna ta ba, sannan a zura siririyar waya cikin bututun, domin tsohon tif yakan toshe bakin da ɓarɓashin roba, ka ji shiru ka ɗauka iska ta ƙare alhali tana nan. Da muka ɓamɓare zoben sai asiri ya tonu. Kwarin cike yake da tsatsa mai ɓawo, an feshe ta da fenti yadda take. Burushin waya ya bi ta kai, sai leɓen ya fito da ramuka, a wani wurin ya sirance har yana da kaifi. Zoben kuma ba nasa ba ne. Kowane wili da kowane zobe suna da hatimin girma da nau'i da aka buga a jikinsu, kuma dole su dace da juna. Na wannan zoben bai yi daidai da na sauran ukun ba, kuma a gefensa akwai sawun guduma jere, alamar cewa da ƙarfi aka cusa shi. Da aka kwantar da shi a kan siminti bai kwanta ba, baki ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Zoben da ya murɗe haka ya gama aiki. Ba a miƙe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba zoben ba ne, amsar da na samu ce. Na aika hotuna, Alhajin, wato dillalin, ya ce ai ba komai, a ba shi iska a ɗan bubbuga da guduma zai zauna, idan ya ƙi a ɗiga masa walda wuri biyu. Haba Alhaji! Waɗannan biyun su ne ainihin abin da ba a yi. Bugun zobe da iska a ciki shi ne ka girgiza abin da da ma da ƙyar yake riƙe. Walda kuma ta fi muni: zafi yana sauya taurin ƙarfen wurin, kuma idan taya tana kan wili, robar ciki takan fara dahuwa tana fitar da gas, matsi ya yi ta hawa bayan an kashe wuta, ta fashe lokacin da kowa ya saki jiki. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, mai lamba 1910.177, wadda aka yi domin gyaran irin waɗannan wilin, ta hana duka biyun, ta kuma hana gyara ɓangaren da ya tsage ko ya lanƙwashe. Mutumin da yake sayar da kayan motar sojan Amurka bai kamata a ce ni nake karanta masa wannan ba.

Tun da ɗaya ya fito haka, sauran ukun ma mun kwance su, domin fentin da ya ɓoye wancan shi ne a kansu. Aikin yana da tsari. A kankare kwari da zobe har sai farin ƙarfe ya bayyana, a duba tsagewa musamman kusa da ramin bawul da bakin hujin noti, a shafa fenti siriri. A barbaɗa wa tif hoda, a ba shi iska kaɗan ya yi siffa don kada ya naɗe, a sa filaf ya rufe shi daga ƙarfe. A gefen taya ruwan sabulu ko man sa taya, ba giris ba, ba baƙin mai ba, suna ruɓar da roba. A sa zobe, a shigar da wilin cikin keji, wato kejin ƙarfe da yake tare zobe idan ya harbo. Tiyon iska ya zama mai baki mai kama bawul da kansa, dogo, gejinsa a hannunka kana tsaye can gefe. A ba shi psi 3 a tsaya, a zagaya da ido a ga zoben ya zauna ko'ina. Idan bai zauna ba, a sace iska duka a sake, ba a gyara shi da iska a ciki. Sarƙar da wasu masu faci suke naɗawa ta hujin wili ta fi babu, amma ba keji ba ce, kuma na sha ganin ta a sake, wadda ba za ta tare komai ba.

Ukun sun fito lafiya, zobbansu nasu ne, kwarinsu da ɗan tsatsa ta sama kawai. A nan zuciyata ta ɗan sauka, na ce uku cikin huɗu a kasuwar tsofaffin kaya ba asara ba ce, wataƙila yaron shago ne ya haɗa na huɗun da abin da ya tsinta.

To sai muka buɗe jakar notuna. Dukkansu R. Wanda ya taɓa kwance tayar M35 sau ɗaya ya san cewa gefen hagu, gefen direba, zarensa na hagu ne, an buga L a kai, gefen dama kuma R. Hanyar tunawa mai sauƙi: idan hannun sifana yana kallon sama, tura shi wajen gaban mota ɗaurewa ne, wajen baya kwancewa, a kowane gefe. Wanda bai sani ba yakan sa dogon bututu ya hau kai yana ƙara ɗaurewa har kusar ta karye. Na gaya wa dillalin tun farko cewa biyu na hagu ne. Ga shi kuma babu notin ciki ko guda. Tayoyin baya bibbiyu ne, kuma kowace tana da nata ɗaurin: dogon noti mai kai murabba'i, inci 13/16, shi yake riƙe ta ciki, sannan ta waje ta hau bisa jikinsa a ɗaure da babban noti na inci ɗaya da rabi. Littafin motar ya ba na ciki 400 zuwa 425 a ma'aunin laba-ƙafa, na waje da na gaba 325 zuwa 355. Ga wanda ba shi da sifanar awo, na wajen kamar nauyin kilo 45 zuwa 49 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, na ciki kilo 55 zuwa 59. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙara wa na waje ƙarfi ana jin an gama, alhali na ciki ya saki. Sai an sassauta na waje, a ɗaure na ciki, sannan a koma. Kuma kafin a taɓa noti a tayoyin baya a sace iskar duka biyun, domin ta waje tana iya zama ita kaɗai ce take tare da fasasshen wilin ciki.

Fentin ma da na yaba ya dawo ya zama aiki. An zuba shi da kauri har a fuskar da take manne da hob da cikin mazaunin noti. A waɗannan wuraren bai kamata ya wuce kaurin takarda ba, domin duram yana ɗumama, fenti ya yi laushi ya matse, notin da ka ɗaure daidai da safe ya saki da yamma. Sai da muka kankare. Duk da haka a sake bin notuna bayan kilomita 80 zuwa 160 na farko, kuma duk ranar da aka ga jan layin tsatsa yana gangarowa daga noti, wilin yana motsi ne.

Tayoyin kuwa, ƙwaryarsu cike, ba a ci komai ba. Amma biyu daga ciki lambar ranar ƙirarsu a ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya lamba uku ce. Daga shekarar 2000 lamba huɗu ake bugawa, biyu na mako biyu na shekara. Wato waɗannan sun haura shekara ashirin, kuma da muka lanƙwasa gefensu ba iska sai ga ƙananan tsagu birjik. Motar nan ana sauke mata iska zuwa 35 a daji, 15 a yashi ko taɓo, kuma a ƙaramar iska gefen taya ne yake shan lanƙwasa. Busasshiyar roba ba za ta jure ba. Da aka auna kewayensu da tef, guda ta ɗara 'yar'uwarta da fiye da inci ɗaya, alhali tagwayen baya bai kamata su bambanta da fiye da kashi uku cikin huɗu na inci ba, in ba haka ba babbar ce za ta ɗauki kayan ita kaɗai ta yi zafi.

Saboda haka maki huɗun da na yi niyyar bayarwa cikin biyar sun koma ɗaya da rabi, rabin kuma na gangar wili ukun ne. Zoben na sa an yanka shi gida uku da giranda kafin ya shiga kwandon ƙarafa, don kada wani ya tsince shi ya kai wa mai faci. Wilin na huɗu yana jingine a bango, na rubuta masa "matacce" da farin fenti, ina jiran Alhaji ya turo a ɗauka. Notunan L har yau ana cewa suna hanya.