Tsohuwar jitar lantarki a Jidda: ta Amurka, ta Jafan, ko sabuwa mai kama da tsohuwa?

Ɗan ƙanwata ne ya shigo mini da waya a hannu bayan sallar Isha'i, yana rawar jiki. "Kawu, duba wannan. Mai ita ya ce Fender ce ta 1964, gado ya ci, sauri yake yi." Yaron yana kiɗa a gidajen biki nan Jidda, ya tara 'yan riyalolinsa, kuma ya ji ana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na kalli hoto ɗaya kawai, na bayan jitar, na ce masa ya mayar da wayarsa aljihu. Sukurori uku ne suka riƙe wuyanta a jikin faranti mai kusurwa uku, alhali Fender, kamfanin jita na Amurka, ba ta fara wannan ɗauri a kan irin wannan samfurin nata, Stratocaster, ba sai 1971. Ko dai mai tallan bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai.

Wanda ke neman tsohuwar jita a ƙasar nan hanyoyi uku ne a gabansa, kuma ba su kama da juna ba, ko a kuɗi ko a ciwon kai.

Ta farko ita ce wadda kowa ke mafarki, jitar Amurka ta shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960. Leo Fender ya fito da Telecaster da wannan suna a 1951, Stratocaster a 1954, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13, shi ya sa masu tara jita ke raba zamani biyu: kafin CBS da bayan CBS. A ɓangaren Gibson, wani babban kamfanin jita na Amurka, Les Paul Standard mai fentin da ke farawa rawaya a tsakiya ya koma ja a gefe, wadda aka ƙera daga 1958 zuwa 1960 a Kalamazoo, ita ce sarauniya. An ƙiyasta kusan 1,700 kacal aka yi, domin a lokacin ba ta samu kasuwa ba, har Gibson ta sauya mata siffa zuwa wadda aka sani da SG a 1961. Yau guda ɗaya mai cikakken asali tana cin dala dubu ɗaruruwa. Stratocaster ta kafin CBS kuwa, dala dubu gomomi ake magana. Ka ninka da 3.75 ka ga riyal nawa ke nan. Irin wannan ba a tsintar ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, a farashin tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki.

Sannan akwai abin da mutane ba sa so su ji: tsufa daban, kyau daban, ƙaranci daban, kuma tsada ba dole ta bi ko ɗaya ba. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, da aka yi gwanjonta a gidan gwanjo na Christie's a 2019 a kan dala 3,975,000, kusan riyal miliyan 15, ƙirar 1969 ce, zamanin CBS da ake rainawa, kuma an sauya mata wuya da kayan ciki ba sau ɗaya ba. Hannun da ya kaɗa ta aka saya. A ɗaya gefen, jitocin Teisco da Jafan ta ƙera a shekarun 1960 wasunsu ba za ka ƙara ganin irinsu ba a rayuwarka, amma da yawansu wuyan kamar taɓarya, sautin bai tsayawa daidai, farashin kuma bai taka kara ya karya ba. Abu ya yi ƙaranci kuma mutane da yawa suna nemansa, nan ne kuɗi ke tashi.

Jitocin Amurka na shekarun 1970 suna tsakiya, kuma a nan ne nake ganin an fi cutar mai saye. Sunan yana nan, shekarun sun kai a kira su tsofaffi, amma lokacin ne Fender a hannun CBS da Gibson a hannun kamfanin Norlin suka fi damuwa da yawan kaya. Fenti mai kauri kamar an zuba roba, katako mai nauyi da zai gajiyar da kafaɗa kafin amarya ta shigo, ramin wuya wani lokaci da sako-sako. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, na taɓa riƙe wata da ban so in ajiye ba, sai dai kowace sai an gwada ta da hannu. Ba a cinikin biri a sama.

Hanya ta biyu, wadda nake tura duk makaɗin da ya tambaye ni, ita ce jitar Jafan ta ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980. Yayin da Amurkawa ke sakaci, masana'antun Jafan suka sayi tsofaffin Fender da Gibson suka wargaza, suka auna komai, suka kwaikwaya. Tokai ta yi Springy Sound da Love Rock, Greco ta yi nata, Fernandes ta fito da Burny, Yamaha kuma ta yi SG-2000 a 1976 wadda ƙirar kanta ce kuma ba ta jin kunyar kowa. Abin ya kai Norlin ta kai ƙarar mai rarraba jitocin Ibanez na Jafan a Amurka a 1977 saboda siffar kan jita. Fender ita kuwa ta ga ba sarki sai Allah, ta kafa Fender Japan a 1982, masana'antar FujiGen na ƙera mata. Waɗanda lambarsu ta fara da JV, daga 1982 zuwa 1984, har da masu sunan Squier, sunan da Fender ke sa wa jitocinta masu sauƙin kuɗi, yanzu su ma ana farautarsu. Sun haura shekara arba'in, katakon ya zauna, aikin hannun tsaf, kuma kuɗinsu bai kai wanda zai hana ka barci in yaro ya ture ta a wurin biki ba. Illarsu: in ka tashi sayarwa a Jidda, mai saye da bai san Tokai ba zai taya ta kamar jabu.

Ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Tun 1982 Fender ke sake ƙera tsofaffin samfuranta, tun 1995 ma tana sayar da sababbi da aka ƙuje fentinsu da gangan don su yi kama da tsofaffi. Kana samun rasiɗi da garanti. Ba ka samun tarihi, kuma ranar da ka fita shago darajarta ta fara sauka.

In zuciyarka ta nace sai tsohuwa ta gaske, to lambar jiki kaɗai ba shaida ba ce. Kafin 1976 Fender kan buga lambar Stratocaster a farantin ƙarfen bayan wuya, abin da kowa zai kwance da sukudireba cikin minti biyu ya ɗaura a wata. Ka nemi a cire wuyan a gabanka, yawanci akwai kwanan wata a gindinsa. Ka sa a buɗe cikinta a duba bayan maɓallan ƙara sauti: lamba mai farawa da 137 ta kamfanin CTS ce, 304 ta Stackpole, lambobin da ke biye kuma shekara da mako ne. Dalmar da aka liƙa wayoyi da ita, ta asali dusu-dusu take, sabuwa tana ƙyalli. Ga Gibson daga 1977 zuwa tsakiyar 2005, lamba takwas ce, ta ɗaya da ta biyar su ke ba da shekara. Jabun Gibson da suka cika intanet sau da yawa ƙaramin marfin da ke can sama, inda wuya ya haɗu da kai, sukurori uku gare shi, na asali biyu ne. Ka haska tocila a bayan wuya daidai inda ya haɗu da kai, domin nan Gibson ke karyewa in ta faɗi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Karyewar da aka gyara da kyau ba ta hana kiɗa, amma dillalai kan zaftare kusan rabin kuɗin, haka ma in an sake fenti. Ga makaɗi wannan ganima ce. Ga mai son ajiye dukiya asara ce.

Sai yanayinmu, wanda masu rubutu daga Turai ba sa tunawa da shi. Danshin Jidda yana cin sukurori da tsirkiya da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Bushewar Riyad tana tsuke katakon wuya har bakin ƙarafunan da ake danna tsirkiya a kansu ya fito yana yankar yatsa. Tsohon fentin nan siriri yana tsattsagewa in ka fito da jita daga sanyin ɗaki zuwa zafin rana kai tsaye, don haka a bar ta cikin akwatinta ta huce tukuna. Barin ta a but ɗin mota da azahar kuwa, wannan kisan kai ne. In kuma ta zo da tsohuwar amfilifaya ta Amurka mai cin wuta 110 zuwa 120, kada ka soka ta a soket ɗin 220 ba tare da tiransifoma ba.

Mai odar ta daga waje ya lissafa harajin VAT kashi 15 cikin ɗari, da kwastan, da kuɗin jirgi da inshora. Ya kuma tambayi irin katakon da ke fuskar wuyan, domin yawancin Fender da Gibson na kafin tsakiyar shekarun 1960 masu baƙin fuska da wani katakon Barazil aka yi su, wanda yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa ta sa wa takunkumi tun 1992. Ba takarda, ana iya riƙe jitar a kan iyaka.

Ɗan ƙanwar tawa dai na tambaye shi inda ya fi kiɗa. Ya ce ɗakunan biki masu fitilu kala-kala. Na ce to ya manta da Stratocaster, domin na'urar ɗaukar sautinta mai naɗin waya ɗaya tana jawo gurnanin wuta a irin wuraren nan, ya nemi mai naɗi biyu irin wadda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson, wadda ta fara fitowa a Les Paul a 1957. Mun samu wata Burny a hannun wani mutum da ke shirin komawa gida, ƙarafunan wuyanta sun cinye, akwatin na warin turaren wuta. Mun rage kuɗin sauya ƙarafunan daga farashin, ya ce albarka, muka ƙara kaɗan, ya sallama.