Sharhi: Zagayen ƙafa da ɗan jagora a kufan Side, ƙasar Turkiyya

Ga wanda ke gaggawa, hukuncina a taƙaice shi ne: wurin ya cancanci a je, amma kuɗin ɗan jagora rabinsa ne kawai ya biya kansa.

Side ƙaramin gari ne a bakin tekun Bahar Rum, cikin gundumar Manavgat ta lardin Antalya, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota daga filin jirgin saman Antalya. Tsohon garin yana kan wani ɗan zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ruwa ta gefe uku. Ni da maiɗakina muka sayi zagayen a wajen wani kamfanin yawon buɗe ido da ke da tebur a otal ɗinmu. Abin da suka tallata mana shi ne tattaki daga ƙofar gari zuwa haikalin Apollo, ɗaya daga allolin Girkawa da Rumawan dā, a isa daidai faɗuwar rana. Duk tafiyar ba ta fi ta kilomita ɗaya da ɗoriya ba, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ko dattijo zai iya.

Rabin farko shi ne inda jagoranmu ya ci kuɗinsa da guminsa. Da mu kaɗai ne, da mun wuce katafaren kangon da ke wajen ganuwa muna zaton bangon fada ne, alhali maɓuɓɓugar ruwa ce ta ƙawa. Ruwan kuwa Rumawa sun jawo shi ne daga wajen mafarin kogin Manavgat, nisan kusan kilomita 30, ta kan gadoji da ramukan da aka fafe cikin dutse. Daga nan muka bi titin ginshiƙai har zuwa dandalin wasanni, wanda aka gina a ƙarni na 2 miladiyya, mai cin mutum kusan 15,000. Girkawa sun saba jingina irin wannan gini a jikin tsauni. A Side babu tsauni, sai magina suka ɗora kujerun a kan bakunan gini masu lanƙwasa, hawa bisa hawa. Sai da ya zagaya da mu ta baya ya nuna mana, sannan na gane abin da idona ke kallo.

A gefen dandalin akwai filin tsohuwar kasuwa, da ɗan haikalin Tyche, allahiyar sa'a a wajen Girkawa, mai siffar da'ira a tsakiyarsa, an sake tayar da shi. Nan ne jagoran ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Arzikin garin nan ba man zaitun kaɗai ba ne. 'Yan fashin teku na yankin Kilikiya, da ke gabas da garin, sun mayar da Side tasharsu, a nan suke sayar da mutanen da suka kamo, har sai da kwamandan Rumawa Pompey ya murƙushe su a shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cinikin bayi kuwa bai mutu da su ba, ya ci gaba a zamanin Rumawa. Bai yi ƙoƙarin shafa wa labarin mai ba, na kuma yaba masa da haka. Ya ƙara da cewa a cikin ruwan da ke gaban garin ne jiragen tsibirin Rodos suka ci rundunar da Hannibal, kwamandan nan da ya yi suna wajen yaƙar Rumawa da giwaye, ke jagoranta a shekara ta 190 kafin miladiyya. Ban taɓa sanin mutumin giwaye ya yi yaƙi a kan ruwa ba.

Daga dandalin zuwa bakin teku kuwa, labari ya sha bamban. Titin da ke gangarawa tashar jiragen ruwa kasuwa ce zalla: jakunkuna, tabarau, alawa, masu matse ruwan rumman, kowa yana kiranka kamar ka shiga Kantin Kwari ana gobe Sallah. A nan jagoranmu ya karkatar da mu cikin wani shagon kayan fata, wai mu sha shayi mu huta. Kowa ya san kamasho ake nema. Muna zaune ana baje mana riguna, rana tana ta sauka. Sai da wata dattijuwa Bajamushiya a cikinmu ta miƙe ta nuna masa agogo sannan muka fito. Wannan tsayawar ba ta cikin takardar da aka ba mu, kuma ita ta cinye lokacin da ya kamata mu yi a haikalin Men, allan wata na mutanen yankin a dā, ɗan gini mai rabin da'ira da ke gabas da manyan haikalan Apollo da Athena. Daga nesa kawai aka nuna mana shi da yatsa.

Haikalin Apollo dai ba ya bukatar mai talla. An gina shi wajen shekara ta 150 miladiyya, zamanin sarkin Rumawa Antoninus Pius, da ginshiƙai shida a gaba da goma sha ɗaya a kowane gefe. Yau biyar ne ke tsaye, fari tas, teku a bayansu, da kawunan Medusa, mace mai gashin macizai ta tatsuniyar Girkawa, a sassaƙe can sama. Abin da da yawa ba su sani ba, su ma biyar ɗin a ƙasa aka tsince su. Masaniyar kayan tarihi Jale İnan ce ta jagoranci sake tayar da su a shekarun 1980, bayan haƙan da malaminta Arif Müfid Mansel ya fara a garin tun 1947. Dab da shi akwai haikalin allahiya Athena, wanda ma ya ɗan fi shi girma, amma a lokacin da muka je mutane na ratsa shi ba su ko waiwaya ba saboda babu hoton ɗauka. A kan filin haikalan biyu kuma Kiristocin Rumawa suka zo suka gina babbar majami'a a ƙarni na 5, bangonta na nan. Garin ya watse daga baya, yashi ya rufe shi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 Musulmi 'yan gudun hijira daga tsibirin Kirit suka zauna a kan kufan suka kira ƙauyensu Selimiye. Maiɗakina ta daɗe tana kallon duwatsun, sannan ta ce, "Malam, ka ga fa abin da ake nufi da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba."

Sai dai faɗuwar ranar da aka sayar mana, kowa ma ita ya zo nema. Amare da angwaye da masu ɗaukar hoto, da kiɗa daga gidajen abinci na gefe, ba ka samun taku biyu babu wanda ya roƙe ka ka matsa. Bayanin jagoran ma rabi muka ji. Washegari bayan asuba na koma ni kaɗai, ba wanda ya tambaye ni ko kwabo, domin filin haikalan a buɗe yake. Dandalin wasanni da gidan tarihi ne ake yankar tikiti. Daga ni sai kyanwoyi da wasu masunta. A lokacin ne na iya ganin sassaƙar ganye da ke kan ginshiƙan da kyau.

Ga 'yan uwa masu zuwa Istanbul sarin kaya da ke son ƙara kwana biyu su sauko kudu: ku nemi jagora mai lasisi, ku yi ciniki a kan daga ƙofar gari zuwa dandalin wasanni da gidan tarihi kawai, wanda ke cikin tsohon gidan wankan Rumawa kuma gumakan da aka tono suna ciki. Ku faɗa masa tun farko ba kwa son shiga shago. Sauran hanyar ku ƙarasa da kanku, ba ta ɓacewa. A watan Yuli da Agusta kada ku fito da tsakar rana, inuwa ta yi ƙaranci kuma dutsen na mayar da zafi. Abincin halal ba matsala ba ne, ana kuma jin kiran salla, amma gari ne na masu wankan teku, shigar mutane da mashaya a bakin titi na iya takura wa mai tafe da iyali, musamman da yamma.