Shekara ɗaya da rabi ina rubuta kallona a Letterboxd

Faɗa ne ya kai ni Letterboxd, manhajar da masu kallon fim ke rubuta abin da suka kalla. A wani zauren masu kallon fim na rubuta cewa wani fim da ake ta yayi a lokacin bai burge ni ba, don labarin ya tsinke a tsakiya. Matar da aka bar mana kwance a asibiti rai a hannun Allah, sai ga ta tana liƙi a wurin biki, ba wanda ya ce mana ga yadda ta tashi. Kafin la'asar an kira ni ɗan hassada, an ce biyana aka yi, wani ma ya tambaye ni fim nawa aka taɓa shiryawa a gidanmu. Duk cikinsu ba wanda ya tanka maganar asibitin. Na rubuta musu cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, aka cire ni daga zauren. Da na ba wani abokina labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya karɓi wayata ya sauke min manhajar.

Wasu mutum biyu ne suka ƙirƙire ta a New Zealand a 2011, Matthew Buchanan da Karl von Randow. Aikinta ba shi da yawa. Ka kalli fim, ka nemo sunansa, ka sa ranar da ka kalla, ka ba shi taurari daga rabi zuwa biyar, in ka ga dama ka rubuta abin da ke ranka. Kana iya bin mutane ka ga abin da suke kallo, ka kuma tara sunayen finafinan da kake son kallo nan gaba. Ni ban buɗe ta don kallon fim ba, littafin ajiya na ɗauke ta, shi ya sa ba ta cin data kamar sauran. Kyauta nake amfani da ita. Akwai matakin biya, amma har yau ban ga abin da zai sa na taɓa aljihu ba.

Abu na farko da ta tambaye ni shi ne finafinai huɗu da na fi so a duniya, don a liƙa hotunansu a saman shafina. Na ɗauka aikin minti biyu ne. Kwana uku na yi. Duk wanda na sa sai na ji kamar na ci amanar wani. A ƙarshe biyu na Indiya ne, na zamanin da muke taruwa a ɗakin Yaya bayan isha'i ana juya kaset da biro, ɗaya na Iran, ɗaya kuma na bar gurbinsa a buɗe. Zan dawo kan wannan gurbin.

Ajiyar rana-rana ita ce ta fi yi min amfani, kuma ita ce ta tona min asiri. A da ina ɗaukar kaina mai ra'ayi tsayayye. Bayan wata shida na duba baya, na ga wani fim da na ba taurari huɗu da rabi ranar da na kalle shi da abokai ana shewa, na sake kallonsa ni kaɗai na ba shi biyu. Fim ɗin bai canja ba. Ashe rabin abin da nake kira sharhi yanayin da nake ciki ne, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, ko albashi ya shigo. Tun daga nan na daina yanke hukunci a daren da na kalla. Sai na kwana, in da safe wani wuri na fim ɗin yana nan a kaina, to ya ci tauraronsa.

Na saba da wasu shafukan intanet biyu na auna fim, IMDb, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 10, da Rotten Tomatoes, inda mutane da yawa ke karanta alƙaluman a baibai. Kashi 90 a can ba ya nufin fim ya ci 90 cikin 100. Yana nufin tara cikin goma na masu sharhi sun ce ba laifi, ko da kowannensu da kyar ya faɗa. A Letterboxd abin da na fi so shi ne ɗan zanen da ke nuna yadda taurarin suka rarrabu. In na ga sun taru a tsakiya, na san fim ne da ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma tsaya wa kowa a zuciya. In na ga tudu biyu, wasu sun ba da biyar wasu sun ba da ɗaya, wannan nake nema, don akwai abin da ya raba mutane.

Masu rubutun kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan barkwanci masu layi ɗaya, su ne ma suka fi samun masoya, sai ka buɗe fim mai sa hawaye ka tarar da raha ce a kan gaba. Da farko abin ya ba ni haushi, daga baya na gane maganinsa a hannuna yake, na zaɓi waɗanda zan bi. Yanzu ina bin wata mata daga Kudancin Indiya da ke warware waƙoƙin fim ɗinsu baiti-baiti, ta nuna inda waƙa ke ɗauke da abin da jarumi ba zai iya faɗa a gaban iyaye ba. Mu da muka tashi da waɗannan waƙoƙin ba mu jin ko kalma ɗaya, sai yanzu nake gane abin da muka yi shekaru muna rerawa. Martin Scorsese, fitaccen daraktan fim na Amurka, shi ma ya buɗe shafi a 2023, kana iya ganin jerin finafinan da ya tsara kamar na kowa. Kuma akwai alamar da mai rubutu ke sawa in zai tona ƙarshen labari, sai rubutun ya rufu har ka yarda da kanka. Duk wanda aka taɓa gaya masa wa ya kashe bos tun bai kalla ba ya san darajar wannan.

Manhajar da Turanci take, amma ba wanda ya hana ka rubutu da harshenka. Da Hausa nake nawa. Mafi yawansu ba wanda ke karantawa sai abokin nan nawa da wasu mutum biyu da ban san su ba, ɗaya na ji alamar daga Nijar yake, don yadda yake rubuta kalmominsa. Ba a zagi ba, ba a yabo sosai. In ɗayansu bai yarda da ni ba, sai ya kawo wurin da yake magana a kai, minti kaza, ga abin da kyamara ta yi. Irin hirar da muke yi a majalisa ke nan a da, kafin kowa ya zama yaron wani jarumi.

To, gurbi na huɗu. Fim ɗin Hausa nake son sawa, na zamanin kaset, wanda na kalla ya fi sau goma. Na nema ban samu ba. Na gwada wasu, kaɗan na tarar, wani ba hoto, wani ba sunan darakta. Na so na yi fushi, sai na bincika na gane Letterboxd daga wata taska mai suna TMDB take ɗebo bayanan finafinai, ita kuma taskar masu sa-kai ne ke cika ta. 'Yan Koriya sun zauna sun shigar da nasu, 'yan Indiya haka. Masana'antar da ta soma tun 1990 da Turmin Danya, aka raɗa mata suna Kannywood kafin a shiga shekarar 2000, ta fitar da finafinan da ba su ƙirguwa, mu ne ba mu rubuta ba. Ga shi kuma yanzu hankalin masu shiryawa ya koma kan shiri mai dogon zango a YouTube da Arewa24, alhali wannan manhaja don fim mai farko da ƙarshe aka fara gina ta.

Na buɗe shafi a taskar don na shigar da fim ɗin da kaina, nan na tsaya cak. Wace shekara ya fito? Na san kafin auren Yaya ne, amma ba a cike gurbi da haka. Wa ya rubuta labarin? Sunayen jarumai uku na sani, sauran sai fuska. Na kira Yaya, don shi ya yi shekaru yana riƙe shagon hayar kaset a unguwarmu.

"Yaya, kwalayen nan na shago suna nan kuwa?"

"Waɗanne kwalaye? Ai yayarka ta hura wuta da rabi."

"Sauran rabin fa?"

Ya yi shiru, na ji yana tambayar wani a gefe. Ya ce akwai buhu biyu a ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsohon keken ɗinki, in gara ba ta riga ni ba. Ya ce kuma in zan zo na taho da tsintsiyata, shi ba zai shaƙi ƙura saboda Turawan New Zealand ba.

Na je ranar Asabar. Gara ta ci na ƙasa, amma na tsira da kwalaye sittin da 'yan kai, har da wanda nake nema. A bayansa ga sunan darakta, ga furodusa, ga lambar wayar tarho ta shagon dillalin, mai lamba shida. Shekara ce kawai ba a buga ba. Yaya ya juya kwalin, ya ce shi dai ya tuna da damina aka kawo shi, kuma kwana biyu mai haya na farko bai dawo da shi ba.